Fankshan ɗaya, kira dubu ɗari huɗu: abin da ke riƙe ƙafar tambayar SQL da yadda ake kwance shi

Mu ɗauki misalin wani kamfanin dillancin taki da iri da maganin feshi a Sabon Garin Zariya, irin waɗanda ke ba ƙananan diloli kaya bashi daga Giwa har Soba da Maƙarfi, a biya in an yi girbi. Watan Yuni ne, ruwa ya zauna, motoci sun jeru a bakin sito. Akawu ya danna rahoton ciniki don a ga wanda za a ƙara wa kaya da wanda za a ce ya fara rage tsohon bashi. Ɗan zoben nan na kan allo ya kama juyi, minti ɗaya, minti biyu, direba na leƙowa ta taga yana tambayar takardar lodi. Rahoton nan kuwa, shekarar da aka kafa manhajar, kafin a ɗaga yatsa ya fito. Maganar farko da za ta fito daga bakin mai kamfani ita ce kwamfutar ta tsufa, a sayo mai ƙarfi. To, in a cikin tambayar SQL da ke fitar da rahoton, wato umarnin da manhajar ke aika wa rumbun bayanai, akwai fankshan (ɗan guntun lissafi mai suna da ake kira ya kawo amsa) da mai manhaja ya rubuta da hannunsa, a dakata da sayayyar tukuna, domin galibi ba a ƙarfin na'ura gizo ke saƙar ba.

Ga irin fankshan ɗin, a T-SQL, yaren SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft:

```
CREATE FUNCTION dbo.sauran_bashi (@dila INT)
RETURNS DECIMAL(14,2) AS
BEGIN
  DECLARE @ci DECIMAL(14,2), @biya DECIMAL(14,2);
  SELECT @ci = SUM(kudi) FROM dbo.ciniki WHERE dila = @dila;
  SELECT @biya = SUM(kudi) FROM dbo.biya WHERE dila = @dila;
  RETURN ISNULL(@ci, 0) - ISNULL(@biya, 0);
END
```

Rahoton kuma yana cewa `SELECT lamba, rana, kudi, dbo.sauran_bashi(dila) FROM dbo.ciniki`. Babu kuskuren lissafi ko ɗaya a nan. An tara abin da dila ya ɗauka, an tara abin da ya biya, an debe. Wanda ya rubuta ma ya bi ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗalibin kwamfuta, a Samaru ne ko a foliteknik: lissafin da za a riƙa maimaitawa a killace shi wuri guda a raɗa masa suna. A Java ko Python ƙa'idar nan ba ta da na biyu. Sai dai rumbun bayanai an gina shi ne ya kama tarin layuka gaba ɗaya ya sarrafa su a dunƙule, fankshan irin wannan kuwa yana tilasta masa ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

A yi lissafi. Mu ce teburin ciniki yana da layi 400,000, diloli kuma 3,000 ne. Fankshan ɗin zai tashi sau 400,000, kowane tashi da tambayoyi biyu a cikinsa, jimla ƙananan tambayoyi 800,000, alhali amsoshin da ake nema 3,000 ne kacal. Bashin kowane dila an lissafa shi kusan sau 133. In kowane kira yana cin milisakan 0.2, wanda ido ba zai ko gani ba in an gwada fankshan ɗin shi kaɗai, jimlarsa sakan 80 ke nan. Wannan in akwai fihirisa, wato jerin da ke kai rumbu kai tsaye ga layukan da ake nema, a kan kwalam ɗin dila. In babu, kowane kira sai ya karance teburin daga farko har ƙarshe. SQL Server da PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, duk suna ajiye bayanai a shafuka masu girman kilobait 8, tebur mai wannan yawan layi zai iya kai shafi 5,000, ka ga karatun shafi biliyan biyu ke nan saboda rahoto guda. Nan ne kuma amsar dalilin da ya sa abin yake da sauri a da: in tebur ya ninka goma, kiran ya ninka goma, kowane kira kuma nauyinsa ya ninka goma, aikin ya ninka ɗari.

Kamar akawu ne zaune da littafin ciniki, duk layin da ya zo sai ya aiki yaron shago ɗakin baya ya buɗe manyan littattafai biyu ya dawo masa da sauran bashin mai wannan layin. Layi na gaba sunan dila ɗin nan ne dai, ya sake aikensa. Ko an canza yaron da wanda ya fi shi gudu, zirga-zirgar tana nan. Sabuwar kwamfuta yaro ne mai gudu.

A ƙirga kiran kafin a taɓa komai

Abin da ya fi cin lokacin masu gyara shi ne kayan awon da suka saba da su ba sa nuna mai laifin. Kowane rumbun bayanai yana da wani sashe, mai tsara hanya, wanda ke duba tambaya ya ƙiyasta yawan layuka ya zaɓi hanya mafi araha. Wannan sashe ba ya ganin cikin fankshan irin namu. A wurinsa rufaffen akwati ne. A SQL Server, in ka buɗe taswirar aikin tambayar, wato zanen matakan da mai tsara hanya ya zaɓa, fankshan ɗin yana ɓoye cikin wani ɗan akwati mai suna Compute Scalar, an rubuta masa kashi sifili ko kusa da haka cikin ɗari na kuɗin aikin, karatun teburin kuma an jibga masa sauran. `SET STATISTICS IO ON` ma ba ya ƙirga shafukan da aka karanta a cikin fankshan ɗin. Sai mutum ya wuni yana ƙara fihirisa a inda ba ta da amfani.

Wurin da ya kamata a duba, daga SQL Server 2016 zuwa sama, shi ne `sys.dm_exec_function_stats`. A karanta `execution_count` da `total_elapsed_time` da `total_logical_reads` kafin a tashi rahoton, a sake karantawa bayan ya gama, a debe. Lokacin a maikrosakan yake, sai an raba da miliyan a samu sakan. In rahoto ɗaya ya ƙara kira 400,000, an gano bakin zaren. Sababbin juyi, daga 2016 SP2 da 2017 CU3, suna kuma saka `UdfCpuTime` da `UdfElapsedTime` a cikin bayanan taswirar da aka ɗauka bayan tambayar ta gudana. In tambayar ta ci sakan 85, na fankshan ya nuna 80, magana ta ƙare.

A PostgreSQL sai an kunna ƙirgar, domin `track_functions` a kashe yake zuwa. A sa shi `pl` don fankshan ɗin PL/pgSQL, yaren rubuta fankshan na PostgreSQL, ko `all` don ya haɗa da na SQL zalla, sannan a duba `pg_stat_user_functions`: `calls`, `total_time`, `self_time`, a milisakan. `EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)` shi ma yana tona asiri: tebur mai shafi 5,000 amma an nuna karatun shafuka miliyoyi a mataki guda. Don a ga taswirar tambayoyin da ke cikin fankshan ɗin kansu, sai a loda `auto_explain` a kunna `log_nested_statements`, amma a zama ɗaya na gwaji, in ba haka ba fayil ɗin rajista zai cika faifai. A kuma tuna `EXPLAIN ANALYZE` gudanar da tambayar yake yi da gaske. In `UPDATE` ce ko `DELETE`, a sa ta tsakanin `BEGIN` da `ROLLBACK`.

Akwai wata asara ta biyu da ba kowa ke lura da ita ba. Saba, wato kwamfutar da rumbun ke kai, in tana da kawunan firosesa takwas tana iya raba babbar tambaya ga kawunan su yi tare. A SQL Server, fankshan mai mayar da amsa guda da aka rubuta da T-SQL yana hana wannan rabo ga tambayar baki ɗaya. A PostgreSQL, inda rabon ya shigo a juyi na 9.6, duk sabon fankshan `PARALLEL UNSAFE` ne sai mai shi ya ce ba haka ba. Shi ya sa za ka tarar kai ɗaya ya ƙure yana ta zafi, bakwai suna zaune. Masu amfani da SQL Server Express, wanda ƙananan kamfanoni da yawa ke kai saboda kyauta ne, wannan bai dame su ba, don shi dama ba ya raba tambaya; nasu ciwon yawan kiran ne.

Gyaran, daga mai sauƙi zuwa mai ɗorewa

Abu na farko, mai cin minti biyar, shi ne fihirisa ga tambayoyin da ke cikin fankshan ɗin, ba ga rahoton ba: `CREATE INDEX f_ciniki_dila ON dbo.ciniki (dila) INCLUDE (kudi)`, da irinta a teburin biya. Amfanin `INCLUDE` shi ne a samu kuɗin a cikin fihirisar ba sai an koma tebur ba. PostgreSQL ma yana da shi tun juyi na 11. Wannan kan sauko da aikin awa zuwa minti ɗaya ko biyu, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba: kiran 400,000 yana nan, baɗi zai zama 600,000.

Tun da ana nan, a duba nau'in bayanin da fankshan ke karɓa. In kwalam ɗin lambar dila `VARCHAR` ne amma fankshan ya karɓi `NVARCHAR`, SQL Server kwalam ɗin yake juyawa ya dace da abin da aka kawo, kuma a wasu tsare-tsaren jera haruffa wannan kaɗai ya isa ya sa a karance fihirisar duka maimakon a nufi wuri guda. Alamarsa `CONVERT_IMPLICIT` a taswira. Abin yana yawan faruwa a wurinmu, domin sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ kan sa a mayar da wasu kwalam `NVARCHAR` a bar wasu yadda suke.

Gyara na gaskiya shi ne a lissafa bashin kowane dila sau ɗaya, sannan a liƙa shi ga layukansa:

```
WITH ci AS (SELECT dila, SUM(kudi) AS jimla FROM ciniki GROUP BY dila),
     bi AS (SELECT dila, SUM(kudi) AS jimla FROM biya GROUP BY dila)
SELECT c.lamba, c.rana, c.kudi,
       COALESCE(ci.jimla, 0) - COALESCE(bi.jimla, 0) AS saura
FROM ciniki c
LEFT JOIN ci ON ci.dila = c.dila
LEFT JOIN bi ON bi.dila = c.dila;
```

Yanzu teburin ciniki sau biyu aka karanta shi, na biya sau ɗaya, mai tsara hanya kuma yana ganin komai, yana iya zaɓar yadda zai haɗa su ya kuma raba aikin. Yaron shago ya je ɗakin baya sau ɗaya ya dawo da takardar diloli 3,000.

A nan ya kamata a natsu, domin a wannan mataki ne ake ɓata lissafin kuɗin mutane. Kuskure mafi muni shi ne a haɗa teburin ciniki da na biya kai tsaye sannan a tara. Dilan da ya ɗauki kaya sau 10 ya biya sau 4 zai fito da layi 40, cinikinsa ya ninka huɗu, biyansa ya ninka goma. Tambayar za ta yi gudu, ba za ta kawo saƙon kuskure ba, sai ranar da wani dila ya zo daga Ikara da rasiɗansa a hannu yana cewa bai yarda da wannan lissafi ba. Dole kowane tebur a tara shi daban kafin a haɗa. Na biyu, `LEFT JOIN` ɗin nan ba ado ba ne. In aka sa `JOIN` zalla ga teburin biya, duk dilan da bai taɓa biyan ko sisi ba zai ɓace daga rahoton, su ne kuwa aka fi son gani. Haka cinikin kuɗi hannu, wanda ba a rubuta masa dila ba: tsohon fankshan sifili yake ba shi, `JOIN` zalla kuwa jefar da layin zai yi.

Wani lokaci fankshan ɗin ba ya taɓuwa, ko dai na kamfanin da ya sayar da manhajar ne, ko kuma ya yi layi ɗari uku cike da sharuɗɗan rangwame da babu mai iya rantsuwa a kansu. To a rage masa kira. A kira shi a kan teburin diloli, a zuba amsar a teburin wucin gadi, a haɗa da ciniki. Kira 3,000 sau milisakan 0.2 bai kai sakan ɗaya ba. Wannan dabara tana kuma maganin wata matsala: SQL ba ya alƙawarin zai tace layuka kafin ya kira fankshan, ko da a wane jeri aka rubuta sharuɗɗan `WHERE`. Teburin wucin gadi shi ke tabbatar da an tace tukuna.

In ana son fankshan ɗin ya zauna

Hujjar mai manhaja tana da ƙarfi: rahoto goma sha biyu ke amfani da lissafin nan, in aka warwatsa shi, ranar da aka canza ƙa'idar bashi sai an bi su duka. Gaskiyarsa ce, kuma akwai hanyar da za a riƙe sunan a buɗe akwatin. A SQL Server ana mayar da shi fankshan mai mayar da tebur, wanda jikinsa `SELECT` ɗaya ne tak:

```
CREATE FUNCTION dbo.saura_t (@dila INT)
RETURNS TABLE WITH SCHEMABINDING AS RETURN
SELECT ISNULL((SELECT SUM(kudi) FROM dbo.ciniki WHERE dila = @dila), 0)
     - ISNULL((SELECT SUM(kudi) FROM dbo.biya WHERE dila = @dila), 0) AS saura;
```

Ana kiransa da `CROSS APPLY dbo.saura_t(c.dila)`. Irin wannan ba kiransa ake yi ba a zahiri; rubutunsa ake zubawa cikin babbar tambayar kafin a tsara hanya. In fankshan ɗin zai iya dawowa babu layi ko ɗaya, a yi amfani da `OUTER APPLY`, don `CROSS APPLY` zai tafi da layin ciniki tare da shi. A kuma kiyayi ɗan'uwansa mai kama da shi, wanda ke farawa da `RETURNS @t TABLE` yana da `BEGIN` da `END`. Wannan rufaffen akwati ne shi ma. Kafin 2014 mai tsara hanya ɗauka yake layi ɗaya zai fito daga cikinsa, daga 2014 layi 100, ko da dubu hamsin ne. SQL Server 2017 ya kawo sauƙi, yana tsayawa ya ƙirga kafin ya ƙarasa tsarin, amma ba ya yin haka idan ana miƙa wa fankshan ɗin ƙima daga kowane layi, wato daidai yanayin da muke magana a kai.

SQL Server 2019 ya zo da abin da aka daɗe ana jira: yana iya buɗe fankshan mai amsa guda da kansa, aikin da ya samo asali daga binciken Microsoft mai suna Froid. Amma sai matakin dacewar rumbun, wato lambar da ke faɗa wa rumbun ƙa'idojin wane juyi zai bi, ya kai 150. Rumbun da aka kwaso daga tsohuwar saba yana zuwa da tsohon matakinsa, na 2012 alal misali 110 ne, don haka mutum zai iya sabunta saba ya ga babu abin da ya canza. A duba `compatibility_level` a `sys.databases`, a duba `is_inlineable` a `sys.sql_modules`. Fankshan mai `WHILE`, ko mai kiran `GETDATE()`, ko mai tebur na cikin gida, ko mai `RETURN` fiye da ɗaya a sababbin gyare-gyare, ba ya buɗuwa. Ko `is_inlineable` ya nuna 1, wurin da aka kira shi na iya hanawa, kamar cikin `GROUP BY`. A ganinmu wannan taimako ne ga tsohon rubutun da aka gada, ba lasisin ci gaba da rubuta sabo a wannan siga ba. Ɗaga matakin dacewa kuma yana taɓa taswirar kowace tambaya a rumbun, don haka a fara gwadawa a kwafi, ba ranar Litinin da safe a tsakiyar damina ba.

PostgreSQL nasa sharuɗɗan daban ne. Fankshan ɗin PL/pgSQL ba ya buɗuwa sam. Na `LANGUAGE sql` mai amsa guda yana buɗuwa ne kawai in jikinsa lissafi ne zalla, babu `FROM`, babu tarawa, babu tambaya cikin tambaya. Kenan sauran_bashi namu ba zai shiga ba ko an sauya masa yare. Mai mayar da tebur kuwa yana buɗuwa in `SELECT` ɗaya ne, an yi masa alamar `STABLE` ko `IMMUTABLE`, ba `STRICT` ba ne, ba `SECURITY DEFINER` ba ne, kuma ba shi da `SET`. Na ƙarshen nan yana kama mutane, domin `SET search_path` kariya ce da ake sa wa fankshan mai aiki da ikon mai shi. Kada a cire ta don neman gudu, a nemi gudun ta wata hanya. Daga juyi na 14 akwai matakin Memoize da ke iya tuna amsar dilan da aka riga aka lissafa a haɗin `LATERAL`, amma tarawa da `GROUP BY` ta fi tabbas.

Fankshan a cikin WHERE, da alamar da ba a yi mata ƙarya

Ɗaya fuskar matsalar ita ce nema. Lambar wayar Nijeriya ana shigar da ita iri-iri: da sifili a gaba lamba goma sha ɗaya, da +234, da tazara a tsakani. Sunaye ma haka, wani akawu ya rubuta Ɗanladi, wani Danladi. Sai a rubuta fankshan mai daidaita su, a ce `WHERE gyara_suna(suna) = gyara_suna('Ɗanladi')`. Fihirisar da ke kan suna an jera ta ne bisa abin da aka ajiye, ba bisa abin da fankshan zai mayar ba, saboda haka ba ta da amfani a nan. Dole a kira fankshan a kan kowane layi a kwatanta.

Inda za a iya kwance kwalam daga cikin fankshan, a kwance. `WHERE YEAR(rana) = 2024` ya koma `rana >= '2024-01-01' AND rana < '2025-01-01'`. Inda ba za a iya ba, a ajiye amsar. A PostgreSQL ana gina fihirisa a kan lissafin kansa, misali `CREATE INDEX ON diloli (lower(translate(suna, 'ƁƊƘɓɗƙ', 'BDKbdk')))`, da sharaɗin tambayar ta zo da wannan lissafi daidai da yadda aka rubuta shi. Ko a yi kwalam mai lissafa kansa, wanda ya shigo a juyi na 12. A SQL Server akwai kwalam mai `PERSISTED` da fihirisa a kai, amma gara a rubuta shi da `REPLACE` kai tsaye: in aka ɗora shi a kan fankshan, dole ya zama mai `SCHEMABINDING`, ba za a iya gyara shi ba sai an cire kwalam ɗin, kuma yakan hana rabon aiki ga tambayoyin da ke taɓa teburin. MySQL ya samu fihirisa a kan lissafi a juyi na 8.0.13, sai dai bai yarda da fankshan ɗin da mutum ya rubuta a ciki ba. Masu Oracle kuma suna da `PRAGMA UDF` tun 12c, mai rage kuɗin tsallakawa tsakanin SQL da PL/SQL.

Alamomin PostgreSQL guda uku sun cancanci a tsaya a kansu. In ba ka ce komai ba, fankshanka `VOLATILE` ne, wato amsarsa na iya canzawa a kowane kira. Saboda haka `WHERE rana >= farkon_damina()` ba zai yi amfani da fihirisar rana ba, zai kira fankshan ga kowane layi. Da an ce `STABLE`, wato amsa ɗaya ce a tsawon tambaya guda, sai ya lissafa ya nufi fihirisa. Amma `STABLE` izini ne, ba ma'ajiya ba: sauran_bashi mai `STABLE` har yanzu sau 400,000 za a kira shi. Akwai kuma `COST`, wanda yake 100 in ba a faɗa ba. Ana ninka shi da 0.0025, ya ba da 0.25, wato mai tsara hanya yana ɗaukar kira ɗaya a matsayin rubu'in karanta shafi guda. Ga fankshan mai buɗe tebur biyu wannan ya yi nesa da gaskiya. In aka ɗaga shi zuwa 10000, za a bar shi ƙarshe a cikin sharuɗɗan da ake gwadawa a kan layi.

`IMMUTABLE` shi ne wanda fihirisa ke buƙata, kuma shi ne wanda aka fi yi wa ƙarya, domin PostgreSQL ba ya bincikawa, abin da ka faɗa yake ɗauka. Ma'anarsa: abin da aka shigar ɗaya, amsa ɗaya har abada. Fankshan mai leƙa teburin farashi bai cika wannan ba. In aka yi masa alamar don a samu fihirisa, ranar da kuɗin buhun yuriya ya tashi fihirisar tana nan da tsohon farashi, tambaya ɗaya za ta ba da amsa biyu gwargwadon hanyar da aka bi, babu kuma gargaɗi. Kwanan wata ma yana da irin wannan tarko. Juya `timestamptz` zuwa rana ya dogara da yankin lokacin da zaman yake kai. Nijeriya tana gaban UTC, agogon da duniya ke daidaita lokaci da shi, da awa ɗaya, cinikin da aka shigar ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai faɗa jiya in saba tana kan UTC. A rubuta yankin a fili, `(lokaci AT TIME ZONE 'Africa/Lagos')::date`, wannan yana karɓar fihirisa. Duk ranar da aka canza jikin fankshan ɗin da fihirisa ke kansa kuwa, sai an yi `REINDEX`.

Wasu kan zaɓi ajiye sauran bashin a teburin diloli, a riƙa sabunta shi da kowane ciniki da kowane biya. Yana da sauri ƙwarai, amma sabuntawar dole ta kasance cikin mu'amala guda da shigar da cinikin, ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakani duka biyun su koma tare, kuma a sa wani aiki na dare mai kwatanta ajiyayyen da lissafin gaskiya.

Kafin a saki gyara, a gwada shi a kwafin bayanan gaske; tebur mai layi hamsin a laftof ba zai nuna komai ba, shi ne ma ya ɓoye matsalar tun farko. A tashi kowace siga sau uku a yar da awon farko, don a lokacin ne ake ɗebo shafuka daga faifai zuwa ram. Kada a share ma'ajiyar ram da `DBCC DROPCLEANBUFFERS` a sabar da ake ciniki a kanta. Sannan a zuba amsar tsohuwar tambaya da ta sabuwa a tebur biyu, a yi tsohuwa `EXCEPT` sabuwa, wato layukan da ke cikin ta farko babu su a ta biyu, a juya a yi sabuwa `EXCEPT` tsohuwa, duka biyun su dawo babu layi. `EXCEPT` yana haɗiye layukan da suka maimaitu, don haka a ƙara da `COUNT(*)` da `SUM(saura)` na kowane ɓangare. Daga ƙarshe a zaɓi diloli uku da hannu, wanda bai taɓa biya ba, wanda ya biya fiye da abin da ya ɗauka, da wanda aka soke masa wani ciniki, a ba akawu ya gwada su da littafinsa na takarda.